Siong Ido Ɗaya

A tsibirinmu na Ketam babu mai kiransa Kee Siong. Ido Ɗaya ake ce masa, yara da manya, alhali idanunsa biyu ne garau, har ya tsufa yana zura zare a allurar ɗinkin koma ba tare da tabarau ba. Baƙo in ya tambayi dalili, sai a zuba masa shayi a kawo wani zance. Ni dai zan faɗa, tunda duk waɗanda abin ya shafa ƙasa ta rufe musu ido.

Siong matsoraci ne, kuma ba zaginsa na yi ba, shi ma da bakinsa yake faɗa. A kan ruwa aka haife shi, gidan ubansa bisa turaku yake kamar gidan kowa a nan, amma bai taɓa koyon iyo ba. Ya gaji jirgi mai inji, yana kwasar kifi da jatan lande ya kai kwatar Kelang, ya dawo da ƙanƙara da shinkafa da kananzir. Hanya ɗaya ce kullum, tsakanin kurmin bakin ruwa, inda ko iska ba ta cika shiga ba. Duk da haka ba ya kwance igiya sai ya kunna wa Uwar Teku, abar bautar masu jirage, turare. Ba a yin fito da baki a jirginsa. Ba a kife kwano. In an cinye gefen kifi ɗaya ba a juya shi, sai dai a ɗage ƙaya a ci na ƙasa, don wanda ya juya kifi jirgi ya juya. Kowa a tsibirin yana kiyaye waɗannan in ya tuna. Siong ba ya mantawa.

Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne idanun jirgin. Kowane jirgi namu yana da ido biyu a goshi, ɗaya dama ɗaya hagu, fari da baƙar ƙwaya, an zagaye shi da ja. Na masunta ƙasa suke kallo don su ga kifi, na masu dako gaba suke kallo don su ga hanya. Ubansa ne ya zana na wannan jirgi, kuma ranar da aka tura shi ruwa Siong yana yaro ya riƙe kwanon jinin zakaran da aka ɗiga a ƙwayar. Duk sabuwar shekara yakan bi sawun zanen uban ya sabunta, har hannunsa ya zama na uban, ja mai kauri a sama, siriri a ƙasa.

Mai kula masa da inji mijin yayarsa ne, Bun Huat. Ƙaton mutum ne mai faɗin baki, kullum da baƙin mai har gwiwar hannu. Injin ya tsufa, yana tari kafin ya tashi, saboda haka Bun Huat ya sa masa suna Gwaggo, yana lallashinsa yana zaginsa kamar mai rai. Abin da ya rage na tsokana kuwa Siong yake saukewa.

"Sarkin tsoro, an gaishe ka!" haka yake masa duk safiya. "Yau wa za mu ji tsoro, kaguwa ko inuwarta?"

"Ka ji da Gwaggonka," in ji Siong, yana murmushi. Yana son mutumin nan ƙwarai. In Bun Huat yana bayansa yana surutu, sai ya ji teku ta ragu.

Shekarar da Japanawa suka sauka a arewa, Turawan da ke mulkinmu suka bi kwata bayan kwata suna rubuta duk jirgin da ke da inji. Na Siong yana ɗaure a Kelang da ƙanƙara a ciki aka ce ya zama na sojan ruwa. Za a riƙe shi da matuƙinsa, tunda ya san mashigai da wuraren da yashi ke kwance, zai riƙa sintiri a gaɓar teku. Mai inji kuwa, suka ce suna da nasu.

Siong ya koma tsibiri a jirgin wani. Bai je gidansa ba, gidan yayarsa Geok Eng ya wuce. Tana shanya jatan lande a dandamalin katako, mijinta yana zaune yana shan kunun shinkafa.

"Yaya Huat, ka taimake ni," ya ce, tun bai zauna ba. "Ka biyo ni. Gwaggo ba ta jin maganar kowa sai taka. In ta mutu mana a tsakiyar teku fa? In jirgin sama ya zo muna tsaye fa?"

"An ce suna da nasu mutum," in ji Geok Eng, ba ta ko ɗago ba. "Kai aka rubuta, ba shi ba."

"Yaya, ba zan iya ni kaɗai ba. Na rantse da kabarin Baba ba zan iya ba." Sai ga hawaye, babban mutum da shi.

Bun Huat ya kwashe da dariya ya ajiye kwano. "Haba, Eng, dubi ɗan'uwanki. In na bar shi, tsoro zai kashe shi kafin Japanawa su samu nasu rabon. Sintiri ne fa, mu je mu dawo."

Geok Eng ta miƙe ta goge hannu a zani. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, irin kallon da take masa tun yana yaro in ya ɓuya a bayanta.

"Kai ka roƙe shi," ta ce. "To kai za ka dawo mini da shi. Ka ji ni, Siong?"

"Na ji, Yaya."

Da suka isa Kelang sai suka tarar da jirgin ya zama wani abu. An kafa bindiga mai jigida a gaba, an ɗaura tuta a baya, an rubuta lamba inda sunansa yake. Fenti ruwan toka aka bi shi da shi daga goshi har gindi, launin tekun damina. Siong ya zagaya dama, ya leƙa hagu. Babu ido. An shafe su sumul, ko alamar jan ba ta fito ba.

Hafsan da aka ba su wani saurayin Bature ne, wanda watan jiya akawu ne a kamfanin roba. Tuan suke ce masa, yadda ake ce wa kowane Bature. Yana tare da wani Bamale, ɗan asalin ƙasar nan, sojan ruwa, Sudin, mai riƙe bindiga, wanda yake ƙarasa maganar in Malayancin Tuan ya ƙare a hanya.

"Tuan, an makantar da shi," in ji Siong. "Ta ina zai ga hanya?"

Tuan ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya nuna idanun Siong ya nuna madubin hangen da ke rataye a wuyansa. Ya yi wata doguwar magana, Sudin ya taƙaita: "Ya ce doka ce. Jirgin soja ba ya ɗaukar launi. Ko ɗigo."

Siong bai ji komai a ciki ba sai son ran Bature. Doka ce irin ta a cire hula a ofis.

Aka karɓi Bun Huat a kan inji, suka fara aiki. Su fita da safe, su bi gaɓa zuwa arewa, su leƙa bakunan koguna, su juyo da yamma. Ba a teku irin wannan Siong ya saba ba. Babu kurmi dama da hagu, sai fili, sama a buɗe kamar an yaye rufin ɗaki. Duk tsuntsun da ya gilma sai ya zaci jirgin sama ne. Ga Tuan mutumin kirki ne, yana raba musu sigari, amma fito yake yi tun safe, kuma ranar farko da aka soya kifi ya sa cokali ya juya shi a faranti. Siong ya janye hannu daga abincin.

"Ci abinka," Bun Huat ya raɗa masa. "Uwar Teku ba ta jin Turanci, ba za ta san shi ba ne."

Labarai suka riƙa gangarowa daga arewa, kowanne ya fi na jiya muni. Aka ce tsibirin Penang ya faɗa hannun Japanawa. Sudin ya ce an bar jirage cike da kwata can ba a nutsar ba, na masunta da na dako, yanzu Japanawa suke cika su da soja suna bin gaɓa, su sauka ta bayan sojojin Turawa. Siong ya ji wannan, amma abin da ya tsaya masa shi ne jirage sun koma hannun baƙi, bai yi tunanin gaba da haka ba. Wani jirgin sintiri, na wani mutumin Kelang da ya sani, ya fita bai dawo ba. Sai ganga ɗaya da hula aka tsinta. Shi ma an shafe masa ido.

Siong ya daina barcin kirki, ya daina cin abinci. Ran nan kuma, rana tsaka, ya hau da jirgin kan wani yashi da ya sani tun yana yaro. Suka zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai har ruwa ya dawo, jiragen sama biyu suna wucewa can nesa. Tuan bai yi faɗa ba. Siong ne ya riƙa faɗa wa kansa cewa ba shi ya yi kuskure ba, jirgi ne ba ya gani. Ya tuna fuskar yayarsa. Ya tabbata a ransa cewa in aka ci gaba da yawo da makahon jirgi, gawar Bun Huat zai kai mata, in ma ya samu ta kaiwa.

Washegari da rana, Tuan ya hau ofis karɓar umarni, Sudin ya tafi masallaci. Siong ya aro ƙaramin kwale-kwale, ya fito da gwangwanayen fenti uku da ya ɓoye ƙarƙashin buhun shinkafa. Jirgin kullum da gefen dama yake jingina da kwata, saboda haka gefen hagu teku yake kallo, babu mai ganinsa sai kifi.

"Zo ka riƙe mini," ya ce wa Bun Huat.

"Kai, Siong! Za ka ja a ɗaure mu."

"Ka riƙe dai."

Bun Huat ya sauko yana ƙunƙuni, ya riƙe igiya. Siong ya shafa katakon da tafin hannu har ya ji tudun tsohon zanen a ƙarƙashin fenti, ya bi sawunsa. Ya fara zane. Fari, baƙi, ja mai kauri a sama. Babu zakara, sai ya soki yatsansa da ƙugiya ya ɗiga.

"To na dama fa?" in ji Bun Huat. "Ko dai ka yi biyu ko ka bari. Jirgi mai ido ɗaya ai zagaye zai riƙa yi da mu kamar kare mai neman wutsiyarsa."

"Na dama Tuan zai gani in yana saukowa. Ɗaya ya fi babu."

"Shi ke nan. Kai matsoraci, Gwaggo mai tari, jirgi mai ido ɗaya. Japanawa in sun gan mu dariya za ta kashe su, mun ci yaƙi."

A daren nan Siong ya yi barci har da minshari.

Suka fita da safe. Suna tafiya arewa gaɓa tana dama, idon yana kallon faɗin teku, inda Siong ya fi tsoro, sai ya ji daɗi. Sun wuce bakin wani kogi inda aka girke sojojin Turawa cikin itatuwa, Tuan ya ɗaga musu hannu, suka ɗaga masa. Jirgi ruwan toka, tuta tana kaɗawa, babu wanda ya dube su sau biyu. Can gaba suka hango hayaƙi yana tashi daga wani ƙauye, suka ji ƙarar manyan bindigogi kamar ana daka a gari mai nisa. Tuan ya daina fito. Ya ce a juya.

Hadari ya taso musu a hanya. Ruwan ya sauko da ƙarfi, irin wanda ba ka ganin tsawon jirgi biyu a gabanka. Tuta ta jiƙe ta naɗe jikin sandarta. Siong ya matsa kusa da gaɓa don ya riƙa ganin bakin itatuwa. Yanzu kudu suka nufa, ƙasa tana hagu. Ya lura da haka, har ya gode a ransa: ga idon yana duba masa kurmi, inda aka ce Japanawa suke ɓuya.

Ruwan ya ɗan tsagaita daidai bakin kogin nan na safe.

Bai fara jin ƙarar ba, girgizar ya fara ji, kamar ana buga katakon jirgin da guduma da sauri, daga goshi ana tahowa baya. Gilashin gabansa ya tarwatse. Sudin ya faɗi rub da ciki. Siong ya saki sitiyari ya dunƙule a ƙasa, hannu biyu a ka, yana kiran uwarsa da ta mutu tun yana goye. Fitsari ya zubo masa, bai ma sani ba sai daga baya. Tuan ne ya yi ta maza, ya rarrafa baya ya fizge tutar ya miƙe tsaye yana kaɗa ta, yana ihu da Turanci har muryarsa ta dushe.

Harbin ya tsaya. Sai ruwan sama kawai, da Gwaggo tana bugawa daidai, ko tari babu.

"Yaya Huat!" Siong ya kira daga inda yake kwance. "Yaya Huat, ka ji? Sun daina!"

Ya jira tsokana. Ya san abin da mutumin zai ce game da wandonsa. Da shirun ya yi yawa sai ya ja ciki ya leƙa ramin inji. Bun Huat yana zaune a inda ya saba zama, ya jingina da katako, gwangwanin mai a hannunsa. Haske yana shigowa ta ƙananan huji a gefen hagu, ruwan da ke ƙasan jirgin ya yi ja.

Suka matsa gaɓa. Sojojin suka fito daga cikin itatuwa, yara ne ƙanana, jiƙe sharkaf, su ma a tsorace suke. Babbansu ya shigo ruwa har ƙugu yana magana da Tuan yana nuna goshin jirgin. Siong ba ya jin Turanci, amma ya ga inda yatsan ya nufa. Sudin ne ya faɗa masa, a hankali, ba tare da ya dube shi ba.

"Ya ce an ba su umarni. Jirgin soja ba shi da launi. Duk jirgin da ya fito daga arewa da ido a goshi, Japanawa ne a ciki. Ya ce cikin ruwan nan ba su ga komai ba, ba jirgi, ba tuta. Idon kawai suka gani, fari tas, yana tahowa."

Tuan ya leƙa ta gefen hagu. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago bai yi ihu ba, bai tambayi wa ya yi ba. Ya dubi yatsan Siong mai ɗaure da tsumma, ya dubi ragowar jan fenti a farcensa, ya kau da kai. Siong ya so a ce Tuan ya mare shi, ko ya harbe shi. Abin da Tuan ya ce kawai shi ne, "Ina ne gidansa?"

Ba Kelang suka koma ba. Tuan ya yarda a bi ta Ketam. Siong ya yi tuƙin nan cikin mashigan da ya sani kamar tafin hannunsa, yana fatan yashi ya kama su, ko inji ya mutu, ko jirgin sama ya zo. A karo na farko a rayuwarsa ya ji akwai abin da ya fi teku ban tsoro. Babu abin da ya tare su. Rana ba ta faɗi ba suka iso.

Mutane sun taru a kan gadar katako tun da suka ji ƙarar injin, don kowa ya san tarin Gwaggo. Geok Eng tana gaba. Ruwa ya janye, wurin da ya rage a ɗaura jirgi ɗaya ne, kuma da gefen hagu ake shigarsa. Siong ya jingina jirgin da idon yana kallon jama'a.

Aka fito da Bun Huat a naɗe cikin tamfol. Mata suka fashe da kuka. Geok Eng ba ta yi ba. Ta buɗe fuskar ta duba, ta share masa baƙin mai a kumatu da bakin zaninta, ta mayar ta rufe. Sannan ta sauko tsani har ta yi daidai da goshin jirgin. Hujin farko a cikin farin idon yake. Na biyu a kan ja. Sauran sun jeru a katako zuwa baya kamar ɗinki, har ramin inji. Ta bi su da yatsa, ta dawo kan idon, ta taɓa jan mai kauri a sama, siriri a ƙasa. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama mata yatsa.

"Na ji an ce Turawa sun shafe wa jirage ido," ta ce.

"Sun shafe, Yaya."

"Wannan hannun Baba ne."

Siong ya buɗe baki. Yana so ya ce don ita ya yi, don alkawarin da ya ɗauka, don jirgin ya ga hanya ya kawo mata mijinta. Duk gaskiya ne. 

"Na ce ka dawo mini da shi," in ji Geok Eng. "To, ka dawo da shi." Ta goge yatsanta a rigarsa, a daidai ƙirji. "Ku ɗauko shi. Kai kuma matsa mini, Ido Ɗaya."

Kwanaki kaɗan bayan haka Turawa suka nutsar da jirgin a mashigi don kada ya faɗa hannun Japanawa, suka yi kudu. Siong bai sake tuƙi ba. Gyaran koma ya koma yi, a gidan da ke kallon na yayarsa. Duk safiya yakan ajiye mata kifi a bakin ƙofa, takan ɗauka. In ya kwanta ciwo takan aiko da kunu. Ta yi shekara talatin da wani abu bayan mijinta, suna gaisawa, suna zama tabarma ɗaya a wurin biki. Ranar da za ta cika yana zaune a gefenta, ya matso da kunnensa kusa da bakinta ko za ta ce Siong.

"Ido Ɗaya," ta ce, "ba ni ruwa."

Ya ba ta.